Ba kowace wahala ce tsanani ba: abin da aka tattauna a Sabon Gari

Ranar Laraba bayan addu'ar yamma muka zauna a harabar majami'armu, aka yi ta magana kan 1 Bitrus 4:15-16, inda manzo Bitrus ya ce kada mai bi ya sha wahala saboda laifinsa, amma in ya sha ta don shi Kirista ne, kada ya ji kunya. Ga abin da na tsinta.

Wani dattijo ya fara da cewa kafin ka ce ana tsananta maka, binciki kanka tukuna. Ɗan kasuwar da ya rage mudu, masu saye suka guje shi, abin da ya shuka ya girba. Ya nuna cewa Bitrus ya jera mai shisshigi cikin sha'anin mutane tare da ɓarawo da mai kisankai. Nan aka yi dariya, don kowa ya san wani mai wannan hali.

An daɗe a kan maganar aiki. Wata baba ta kawo labarin Yusufu a Farawa 39, wanda ya shiga kurkuku saboda ya ƙi matar Fotifar. Ta ce wa matasa: "'Ya'yana, in maigida ya ce ku ƙara kuɗi a rasit, ku ƙi cikin ladabi, ban da zagi, ban da tallata shi a unguwa."

Wani matashi ya tambaya ko haƙuri na nufin yin shiru. Aka tuna masa Bulus, wanda ya faɗa wa sojan Roma cewa shi ɗan ƙasar Roma ne kafin a yi masa bulala (Ayyukan Manzanni 22:25). Neman haƙƙi ta hanyar hukuma ya halatta, ramuwa ce aka hana. Ni dai wannan amsar ta fi kwanta mini, ko da yake matashin bai gamsu sosai ba har muka tashi.