Shin ya dace a yi shagunan haya a cikin babban laburaren gari lokacin gyara?

Dalibin_Ilimi: Assalamu alaikum. Idan aka tashi yi wa babban laburaren gari kwaskwarima, sai ka ji ana cewa a yanki ƙasan bene a yi shagunan haya, kuɗin ya riƙa ɗaukar nauyin wurin. Masana gini da ma'aikatan laburare, wannan dabara ce ko ɓarna? In za a yi, me ya kamata a kiyaye?

Injiniya_Tsari: Wa alaikumus salam. Ana yi, amma abu na farko da ake mantawa shi ne nauyi. In ka ba 'yan haya ƙasa, littattafan da ke nan sama za su koma. To a ƙa'idar gini ta Amurka, daɓen ɗakin zaman karatu ana lissafa shi a kan kusan kilo 300 a kowace murabba'in mita, na wurin jera kantocin littattafai kuwa ya haura kilo 700. Takarda nauyi gare ta kamar me. Kafin a ɗaga kanta ko ɗaya, a nemo zanen ginin na asali, a auna kaurin kankare da girman rodi. In zanen ya ɓata, a fafe kankaren a gwada. In ba haka ba, sai daɓe ya fara lotsawa, ƙofofi su daina rufuwa, tsaga ta bi ginshiƙi.

Sauran kuma: kowane shago da ƙofarsa ta bakin titi, da mitarsa ta wuta. Bangon da ya raba shi da laburare ya zama mai iya tare gobara, ya tafi har ya taɓa kankaren sama, kada ya tsaya iya silin, don ta wannan ramin hayaƙi yake bi. Kada kuma a ja bututun ruwa ta saman inda littattafai suke.

Hajiya_Laburare: Injiniya ya gama magana a kan gini. Ni abin da zan ƙara shi ne irin sana'ar da za a bari. Mai sayar da littattafai, mai hoton takardu da ɗinke su, mai kayan rubutu, duk waɗannan 'yan gida ne. Mai suya da mai girki da iskar gas, a'a. Inda abinci yake, nan ɓera da kyankyaso suke, kuma kyankyaso gam ɗin bayan littafi yake ci. Tururi ma matsala ne: takarda tana son laimar iska ta tsaya wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, in ta daɗe sama da 65 sai fumfuna ta kama.

Misali mai kyau shi ne babban laburaren birnin Boston a Amurka. A shekarar 2016, da aka gama gyaran sashensa da aka buɗe tun 1972, an cire manyan duwatsun da suka tare tagogin ƙasa, aka buɗe kusurwar da ke kallon titin Boylston. Ba a cika ta da shaguna barkatai ba. Wurin shan gahawa ne da ɗakin watsa shirye-shiryen gidan rediyon WGBH, wanda mai wucewa yake hango masu shiri ta gilashi.

Mai_Lissafi: Hajiya, ki bar ni in taɓo aljihu. Kuɗin hayar shago biyar ba ya biyan albashi da wuta, iyakarsa sayen jaridu da ƙananan gyare-gyare. Shi ɗin ma sai an rubuta a doka cewa na laburare ne. Inda ake aiki da asusun bai-ɗaya, hayar baitulmali take wucewa, mai laburare ya koma bin fayil ofis-ofis.

A takardar haya a sa shekara 2 ko 3 kawai, a hana ɗan haya sayar da shagon ga wani, a hana lasifika da janareta a jikin bango, a faɗi ƙarfe nawa ake rufewa da wanda zai kwashe shara.

Dalibin_Ilimi: Na gode ƙwarai. To mai shayi fa, shi ma a kore shi?

Hajiya_Laburare: A ba shi rumfa a harabar waje, can nesa da tagogi, shararsa ta kwana a wajen gini.