Zauren Masu Mota na Zariya: Juyen Baƙin Mai da Kula da Haibirid

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar manya nake nema. Na sayi Prius 2012 'yar Kwatano, shigowar Amurka. Tsadar fetur ce ta raba ni da tsohuwar motata, don tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 abin da nake zubawa a tanki ya fi ƙarfina. To yanzu kuma mutane sun fara tsorata ni, wai haibirid, wato mai aiki da fetur da lantarki, ba motar talaka ba ce, kula da ita sai mai hali. Wane baƙin mai zan zuba mata? Bayan tafiyar nawa ake juye? Me zan ware a shekara?

Alhajin Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ɗana, ka zuba mai kaurin nan 20W-50 kamar kowa. Zafin Zariya a watan Afrilu ba irin nasu ba ne. Wannan tsinkakken man da suke rubutawa ina tsoron ba zai riƙe inji a nan ba.

Bakaniken Sabon Gari: Alhaji ranka ya daɗe, a gafarce ni, nan kam ban bi ka ba. Maganarka daidai take a kan su Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, don injinansu da mai kauri aka ƙera su. Prius ta 2010 zuwa 2015 inji 1.8 gare ta, kuma marar kaurin nan 0W-20 take so, a rubuce yake a murfin da ake zuba man. Idan inji ya yi ɗumi, zafin cikinsa yana wajen digiri 80 zuwa 90 ne, a Amurka take ko a Kwangila, tamostat da lagireto ne ke riƙe shi a nan. Sannan injin haibirid ba ya ta aiki ba tsayawa. Daga Samaru zuwa PZ zai mutu ya tashi ba adadi, duk tsayawa a cunkoso sai ya mutu, ka taka ya sake tashi. Duk tashin nan ana so mai ya hau saman inji nan take. Mai kauri kuwa kamar manja ne a sanyin hunturu, kafin ya kai inda ake buƙatarsa ƙarfe ya riga ya gogi ƙarfe. Ga shi yana wa inji nauyi, ya ƙara shan fetur, alhali gudun shan fetur ne ya sa yaron nan ya sayi motar.

Alhajin Tudun Wada: To idan injin ya tsufa yana shan baƙin mai fa? Motar 2012 ai ba yarinya ba ce.

Bakaniken Sabon Gari: Wannan tambaya ce mai kyau, Alhaji. Wasu daga cikin injinan shekarun nan in sun yi nisan tafiya suna shan mai. In na ga haka nakan ɗaga zuwa 5W-30 na sintetik, ba na wuce nan. Amma kafin a yanke hukunci sai an gwada. Ɗan Samaru, ka yi juye da 0W-20, ka riƙa zaro sandar awo duk mako da safe a wuri mai lebur, ka ga ko yana raguwa.

Ɗan Samaru: Na gode Oga. Galan ɗaya zai isa?

Bakaniken Sabon Gari: Lita 4.2 take ci har da filta. Galan mai lita huɗu ya gaza kaɗan, don haka ka ɗauki mai lita biyar, ko irin na Amurka da ke da lita 4.7. Kada ka bari a juye mata duka don wai kar a yi asara, ragowar ka ajiye a but don ciko. Filtarta kuma ta takarda ce da ake sakawa cikin kofin roba, tana da sufanarta ta musamman. Wanda ba shi da sufanar zai ɗauko guduma da cizil, ya fasa maka kofin, ka shiga neman wani a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano.

Direban Zariya zuwa Kaduna: Batun lokacin juye, bari in sa baki tunda a kan titi nake wuni. Littafin motar na Amurka ya ce mil 10,000 ko shekara ɗaya in da 0W-20 ne. Amma ya ce in hanya mai ƙura ce, ko gajerun tafiye-tafiye, ko yawan barin mota a kunne a tsaye, to mil 5,000 ko wata shida. Mu nan dukkansu mun haɗa. Ka lura agogonta da mil yake ƙirga tunda daga Amurka ta zo, mil 5,000 kilomita 8,000 ne. Zariya zuwa Kaduna wajen kilomita 80 ce, kenan zuwa da dawowa sau hamsin ya cinye juye ɗaya. Kai da iyakarka gida zuwa aiki, wata shidan zai riga mil ɗin cika. Sau biyu a shekara ke nan.

Malamar Kongo: Ni ma irin taka ce da ni, ƙanena, kuma batun kuɗi nake so in tsaya a kai don shi ka tambaya. Ba wanda zai ba ka farashi tsayayye, baƙin man nan daga waje yake zuwa, dala na motsi yana motsi. Abin da na gani da idona dai shi ne galan na sintetik na kirki yakan kai ninki biyu na mai kauri da aka saba. Nan mutane ke tsorata. Amma mai zuba na arha duk wata biyu ko uku yana bakin gareji, kai sau biyu kawai za ka je. In ka haɗa lissafin shekara sai ka ga sun yi kusan kunnen doki, wani lokacin ma kai ne da riba. Sai kuma abubuwan da babu su a motar sam: ba ta da altaneta, ba ta da kik, ba ta da fanbel ko ɗaya tun daga ta 2010, don famfon ruwanta da kwamfuresan esinta duk na lantarki ne. Ka tuna sau nawa waɗannan suka ci kuɗinka a tsohuwar motar. Birki ma yana daɗewa ƙwarai, saboda in ka taka a hankali injin lantarkin ne ke rage gudu yana cajin batir, fad ɗin ba ya shan wahala. Abin da zan ce ka ware a shekara: juye biyu, filtar iska ta inji da ta cikin mota, wankin fankar batir, da ɗan abin da ba a rasa ba.

Direban Zariya zuwa Kaduna: Malama ta faɗi gaskiya, sai dai a yi hattara da jabu. Akwai masu tsintar galan na asali su ɗura wani abu su liƙe. Na taɓa saya a wani shago, da aka buɗe sai ga mai baƙi-baƙi mai warin ƙonewa. In ka ga 0W-20 da arhar da ta wuce hankali, bar shi. Ka saya da kanka a babban wuri, ka duba hatimin murfi, ka tsaya a buɗe a gabanka, in ya ƙare ka huda galan ɗin kafin ka yar.

Rewayan Kwangila: Salamu alaikum. Yanzu na gama karanta na sama. Akwai abu ɗaya da ya fi duk waɗannan haɗari ranar juye, kuma ban ga an ambata ba. Motar nan in alamar READY na kunne a gaban direba, to a kunne take ko da ba ka jin ƙarar komai. Yaron gareji zai ɗauka a kashe take, ya shiga ƙasa ya kwance noti, mai ya tsiyaye, sai batir ya nemi caji inji ya tashi da kansa ba ɗigon mai a ciki. Ka kashe ta da hannunka, ka tabbata READY ta ɗauke, ka sa makullin a aljihu ka ja da baya da shi.

Na biyu, duk wayar da ka gani mai ruwan lemo, babban lantarki ne a ciki. Batirin sama da bolt 200 yake. Kada wanda bai san aikin ba ya taɓa.

Na uku, esi. Wannan ya jawo wa mutane asara mai yawa a garin nan. Kwamfuresanta da babban lantarkin yake aiki, kuma man cikinsa na daban ne, ND-11 ake ce masa, ba ya ɗaukar wuta. In mai ɗura gas ya zuba irin man sauran motoci, ko ya yi amfani da tiyon da ya gama aiki da shi a wata mota, lantarki zai iya fara zurarewa ta cikin man, kwamfutar motar ta gani ta hana ta tashi. Gyaran nan ya fi kuɗin juyen shekaru. Kafin kowa ya jona tiyo, tambaye shi wane mai yake sawa a haibirid. In ya ce ai duk ɗaya ne, ja motarka.

Ɗan Samaru: Allah ya saka da alheri. Babban batirin fa? Shi ne aka fi tsorata ni da shi.

Rewayan Kwangila: Zafi da ƙura ne ke kashe shi da wuri, kuma dukansu muna da su. Duba gefen kujerar baya ta hannun dama, za ka ga 'yar taga mai raga. Ta nan fanka ke zuƙo iskar cikin mota tana hura wa batirin. Lokacin hunturu ƙura na toshe fankar, ga gashi, ga zaren kaya. Ana buɗe ta a wanke aƙalla sau ɗaya a shekara, ni na fi son bayan hazo ya wuce, kafin zafin bazara ya kama. Aikin ba shi da tsada. Kada a jingina buhu ko jaka a bakin tagar, a kula da gyale da babbar riga in an cika baya da mutane. In rana ta take ka kunna esi, don sanyin da kake sha shi batirin ke sha. Ka nema mata inuwa. Kuma kada ka ajiye ta watanni ba a tuƙawa, zama yana lalata shi fiye da aiki.

Direban Zariya zuwa Kaduna: In ma ya samu matsala ai ba sai an sayi sabo ba. Ƙananan sassa guda 28 ne a jere a cikinsa, an canja min waɗanda suka mutu, har yau ina aiki.

Rewayan Kwangila: Haka ne Yaya, ana yi, ni ma ina yi. Amma ina faɗa wa mai mota gaskiya: sauran ma tare suka tsufa. In ba a gwada kowanne an daidaita cajinsu ba, lambar P0A80 mai nuna raunin babban batir za ta dawo da jan alwatikan gargaɗin nan a gaban direba, wata ƙila bayan 'yan watanni. Kai kullum kana kan babban titi, batirinka na samun aiki da iska, shi ya taimake ka. Ɗan Samaru, tun yanzu ka sa a jona mata kwamfuta a ga lafiyar kowane sashe, ka ajiye hoton sakamakon. Akwai kuma ƙaramin batir mai bolt 12 a but. In ya yi rauni motar ba za ta shiga READY ba, ta riƙa nuna fitilu barkatai, mutum ya zaci babban ne. A fara duba ƙaramin.

Bakaniken Sabon Gari: Bari in ƙara da ruwa. Tankuna biyu gare ta, ɗaya na inji, ɗaya na inbata, wato akwatin da ke sarrafa lantarkin. Dukansu ruwan hoda ɗin nan na Toyota ake zubawa, ba ruwan rijiya ko na leda ba. Kuma don Allah kada a cire tamostat. Al'adarmu ce mota na shigowa a cire shi wai ƙasar zafi ce. A haibirid in inji bai yi ɗumi ba kwamfuta ba za ta bar shi ya huta ba, sai ya yi ta aiki yana shan fetur. Man giya ATF WS ne, bai kai lita huɗu ba, kada a zuba man giyar CVT na sauran motoci don an ji ana kiran giyarta CVT. Tunda ba ka san tarihinta ba, canja shi sau ɗaya yanzu. In kuma da safe ka ji inji na jijjiga da ƙara in ya tashi, kada ka yi shiru: a duba fulogi, a wanke hanyar EGR, wadda ke mayar da hayaƙi cikin inji, da ke toshewa da baƙin hayaƙi, a ga ko ruwa na raguwa, don lalacewar gaskit ɗin inji kan biyo baya in aka yi sakaci.

Alhajin Tudun Wada: To madalla, na ƙaru. Batun tamostat dai zan sa a duba ta ɗiyata.

Hajiyar Gyallesu: Ina ta bin ku shiru. Tawa Camry haibirid ce ta 2009. Duk abin da kuka faɗa ya shafe ni?

Bakaniken Sabon Gari: Mafi yawa, Hajiya. Injinki 2.4 ne, shi ma mai marar kauri yake so, ki turo hoton murfin mai in tabbatar miki da lambar. Camry haibirid ta 2018 ma 0W-16 take ci, shi ya sa ba a aron lambar maƙwabci. Tagar iskar batirinki kuma ba a gefen kujera take ba, tana kan dandamalin da ke bayan kujerun baya, ƙarƙashin gilashi. In akwai sallaya ko kwalin tishu a wurin, a ɗauke su yau.