Zan je zango Kafanchan da kyamara a tsakiyar marka, ku ba ni shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu huɗu ne za mu tashi daga Kaduna a watan Agusta, mu kwana biyu a tanti kusa da magangarar ruwan Matsirga, mu leƙa duwatsun Kagoro. Kyamarata Canon 1300D ce da gilashi 18-55, sai ƙafar kyamara mai araha. Yaya zan kare ta daga ruwa? Kuma wane saiti zan yi ruwan ya fito laushi kamar zare?

Mai gyaran kyamara, Kasuwar Gumi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan kyamarar ba a toshe ta daga ruwa ba, yayyafi kaɗan zai iya bi ta gefen maɓallai. Ka samo farar leda mai kauri, ka huda gindinta daidai faɗin bakin gilashi, ka ɗaure da robar ɗaure kuɗi a kan murfin inuwa, wato zoben da ake ɗaurawa a bakin gilashi don kare shi daga hasken rana, hannunka ya shiga ta buɗaɗɗen gefen.

Amma abin da ya fi kawo mana kyamarori bayan damina shi ne danshi. Kyamara ta kwana cikin tanti a rufe da numfashin mutum huɗu da jiƙaƙƙun kaya, gilashi ya yi gumi ta ciki, bayan 'yan makonni funfuna ta fito kamar saƙar gizo-gizo. Kafin ka shiga tanti ka goge ta da busasshen tawul, ka sa ta a leda mai zif tare da ƙullin silika mai shanye danshi goma ko fiye, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi. Idan ka ga hazo a cikin gilashi, kada ka cire shi daga jikin kyamara, kada kuma ka kanga shi a wuta. Ka cire batir, ka bar ta da silikar. Kuma ka rage yawan juya zum, wato zoben jawo abu kusa, lokacin da ake ruwa, don yana zuƙo iska mai laima.

Malam mai hoto, Kawo:
Maganar ruwa mai laushi, hadarin nan alheri ne gare ka, domin yana rage haske. Ka ɗora kyamara a ƙafarta, ka koma M (inda kai ke saita komai da hannu), ISO (ƙarfin jin haske) 100, ƙofar gilashi f/11 zuwa f/16, shata (tsawon lokacin da haske ke shiga) tsakanin 1/4 da rabin daƙiƙa. Kada ka wuce f/16, hoto yana rasa kaifi. Ka sa ƙidayar daƙiƙa 2 don kada yatsanka ya girgiza ta, idan gilashin yana da IS, wato tsarin rage girgiza, ka kashe.

Ka nemi filta CPL, wato siririn gilashi mai juyawa da ake ɗaurawa a gaba, mai faɗin milimita 58, ita ce daidai bakin gilashinka. Tana cire ƙyallin da ke kan jiƙaƙƙen ganye da dutse, koren ya fito sosai, kuma tana cin haske kusan mataki biyu (kowane mataki yana rage rabin haske), wanda shi kake so a nan. Ka lura, yawancin 18-55 da ke zuwa da wannan kyamarar bakinsu yana juyawa lokacin da suke neman fokas, wato daidaita kaifin hoto. Don haka fokas tukuna, sannan ka juya filta. A Agusta ruwan zai zo da laka, ja-ja. Kada ka yi faɗa da launin, ka haɗa shi da baƙin dutse da koren ciyawa a gaba. Kusa da magangarar feshi zai riƙa sauka a filta, ka goge kafin kowane ɗauka, ɗigo ɗaya a f/16 tabo ne a hoto.

Hajiya, Unguwar Rimi:
Ƙari a kan na Malam. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto mai sauƙin gyara daga baya, ka rage haske da kamar kashi biyu cikin uku na mataki (-2/3) idan sama ta shiga hoto, in ba haka ba gajimare zai zama farin fili. Lokacin da ya fi kyau shi ne minti ashirin na farko bayan ruwa ya ɗauke, sa'ad da hazo ke tashi daga jikin dutse. Rana na fitowa wajen 6:20, ka kasance ka kafa kafin nan. Idan ta leƙo da yamma ana yayyafi, ka ba ta baya ka duba gabas, can bakan gizo yake.

Wani ɗan Kafanchan:
Yaya, tanti a kan tudu kaɗan, nesa da bakin rafi, don ruwa yana iya cika da dare ko ba a yi ruwa a inda kuke ba. Tamfol ɗin ƙasa kada ya leƙo waje da tanti, zai tara ruwa ya kai muku ƙarƙashi. Idan ka ga walƙiya ka ƙirga, duk daƙiƙa 3 kafin tsawa kilomita ɗaya ke nan. In bai kai daƙiƙa 30 ba, ka sauka daga kan dutse, ka ajiye ƙafar kyamara, kada ka fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Duwatsun gefen ruwa suna da gansakuka, silifas ba zai yi ba. Sannan ku gaida mai unguwa, ku tambayi halin tsaro, ku kwana inda mutanen gari suka nuna muku.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Batir ɗaya gare ni, zai isa?

Malam mai hoto, Kawo:
Ba zai isa ba. Ka ƙara ɗaya, ka sami caja mai USB da fawa bank, duka a leda mai zif. Ka rage duba hotuna a allo, shi ke shanye batir.