Daga ina kalmar "skeevy" ta samo asali?

Hajara_NY: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata abokiyar aikina 'yar unguwar Brooklyn da ke New York ta leƙa firij ɗin ofis, ta ga abincin da ya yi fumfuna, ta yamutsa fuska ta ce "skeevy". Turanci ne kuwa?

Malam Sani: Wa alaikumussalam Hajiya. Turancin titi ne na Amurka, ma'anarsa abin ƙyama, ƙazami. Tushensa kalmar Italiyanci "schifo", ana furta ta "skifo", wato ƙyanƙyami. Ɗan Italiya in ya ga ƙazanta sai ya ce "che schifo!" Miliyoyin Italiyawa sun yi ƙaura zuwa Amurka tsakanin 1880 da 1920, galibinsu daga kudancin ƙasar da tsibirin Sisili. Jikokinsu na New York, New Jersey da Philadelphia suka Turantar da ita.

Binta K.: Malam, ba a kan abinci kaɗai ba. An fi jefa wa mutumin da ke sa tsikar jikinka tashi, mai kallon da bai kwanta maka a rai ba. Hajara, kar ki faɗa wa mutum a fuskarsa, zagi ne.

Malam Sani: Gaskiya. Tsofaffin Italiyawan Amurka ma "shkeeve" suke cewa, irin lafazin mutanen birnin Napoli na kudancin Italiya.