Sai da takardar 'yan sanda za a raka yara Hubbare?

Shugaban PTA: Assalamu alaikum iyaye. Makaranta za ta kai 'yan aji biyar da shida ziyara Hubbaren Shehu, Fadar Sarkin Musulmi da gidan tarihi na Waziri Junaidu. Malamai ba su isa ba, ana neman iyaye su raka. Hedimasta ya ce duk mai son rakiya ya kawo takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Ina son jin bakinku.

Baban Usama: Wa alaikumus salam. Shugaba, wagga magana ta sosa min rai. Nan Mabera anka haife ni, kowa ya san gidanmu. Yau sai 'yan sanda sun wanke ni kafin in riƙa hannun ɗana? Allah Ya hana mu bin diddigin juna, yana nan cikin Suratul Hujurat.

Maman Khadija: Baban Usama, Allah Ya huci zuciyarka, ba kai ake zargi ba. Amma ran nan ba hannun Usama kaɗai za ka riƙa ba, har da 'ya'yan mutanen da ba su taɓa ganinka ba. Ni a asibiti nake aiki. Yaran da ake kawo mana an lalata su, in aka tambaya, sau da yawa wanda gidan ya yarda da shi ne: maƙwabci, ɗan uwa, mai kai su makaranta. Ina bayan hedimasta.

Dakta Baban Sadik: Na yi karatu a Ingila, can ne aka fi sanin wannan tsari. A 2002 wani mai kula da ginin makaranta a garin Soham ya kashe yara mata biyu 'yan shekara goma. Daga baya aka gano an sha kai ƙararsa a wani gari kan taɓa 'yan mata, amma labarin bai iso ga waɗanda suka ɗauke shi aiki ba. Abin da ya sa suka tsananta ke nan. Tun 2012 hukumar DBS, mai duba tarihin laifin masu neman aiki, ita ce ke wannan bincike, kuma kyauta ne ga mai aikin sa kai. Sai dai ko a can, uban da ya zo rakiyar yini ɗaya yana ƙarƙashin idon malami, doka ba ta tilasta a bincike shi. Wanda zai keɓe da yara ko ya kwana tare da su, shi ake matsa wa.

Barista: Dakta ya taɓo inda nake so. Takardar tamu ta shafin 'yan sanda na POSSAP ake cike ta a intanet, a biya kuɗi, a ɗauki hoton yatsu. Masu neman biza ne suka fi nemanta. Abin da take faɗa guda ne: ba a samu sunanka cikin waɗanda kotu ta hukunta ba. To mutum nawa ke kaiwa kotu a garin nan? A 2021 Gwamna Tambuwal ya sa hannu kan dokar kare yara ta jihar Sakkwato, doka na nan. Amma da abu ya faru sai dattawa su shigo, a ce a rufa asiri don yarinya ta samu miji, a sasanta a zaure. Mutumin da aka sasanta da shi sau uku zai kawo muku takarda fes, hedimasta ya saki jiki da shi. Wannan ne ke ba ni tsoro. Ga kuma uwa mai sayar da fura da ke son raka ɗanta, ina ta ga kuɗin takarda?

Maman Khadija: Barista, ko mutum ɗaya ta tare ai ta yi amfani. Kuma akwai rajistar masu laifin fyaɗe da NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, ta buɗe a 2019, me zai hana makaranta ta duba?

Barista: A duba, ban ƙi ba. Kada dai a tsaya nan.

Malam Liman: Baban Usama, ayar da ka jawo gaskiya ce, amma tana hana tonon asirin mutum ne ba gaira ba dalili. Wanda ya miƙo hannu a ba shi amana, halal ne a tambayi halinsa. Alƙali ma ba ya karɓar shaidar wanda bai sani ba sai adilai sun yi masa tazkiyya. Shawarata, mai son rakiya ya kawo mutum biyu daga cikin iyaye da za su tsaya masa, ko takardar mai unguwa.

Hajiya Kaka: Allah gafarta Malam, wane mai unguwa ne zai dubi idon maƙwabcinai ya ce ba ya sa hannu? Kunya ba ta bari. Ku bar muna wanga aiki mu mata, mu munka san abin da ba a faɗi a zaure. A ba mu sunaye, mu yi tambaya a asirce kamar ta aure, wanda ba mu natsu da shi ba a ce mashi an cika. Kuma ku sa doka: babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro, ko uba ko malami. Mata su kai 'yan mata bayi, su biyu. A ƙirga yara wurin shiga mota da wurin sauka. Hubbare cike yake da baƙi, yaro na iya ɓacewa cikin mutane.

Baban Usama: Dokar Hajiya na yarda da ita, don ta hau kan kowa. Takarda kam ba ni kawowa.

Barista: Hajiya, abu ɗaya: kada gaba tsakanin gidaje ta sa a cire mutum ba laifin komai. A samu mutum uku masu yanke shawara, har da malama ɗaya.

Shugaban PTA: Na rubuta duka, zan kai wa hedimasta. Mu haɗu Asabar bayan la'asar a makaranta.

Maman Khadija: Shugaba, a sa maganar direbobi cikin ajanda. Motar haya za a ɗauko daga tasha, kuma har yanzu ba wanda ya san sunan mai tuƙa ta.