Na canza ƙwan birki, yanzu in na taka birki dashbod sai ya kama

Mai Farar Mota:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya da daddare wani direba ya sha gabana ya ce fitilar birkina ta hagu ba ta kamawa. Hankalina ya tashi, don kullum da yara a baya nake tafiya. Da safe na ciro ƙwan, gilashinsa ya yi baƙi ta ciki, na sayo wani mai girmansa. Wajen sawa ya ɗan yi gardama, na danna da ƙarfi na murɗa har ya zauna. To yanzu in na taka birki, hasken dashbod da ƙananan fitilun gaba duk sai su kama. A jikin sabon an rubuta P21W, rubutun tsohon ya goge. Waya ce ta haɗe, ko ƙwan ne ba nasa ba?

Tsohon Rewaya:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari kowa ya taɓa maka waya tukuna. Ɗauko tsohon ƙwan ka juya gindinsa. Na tabbata ɗigon dalma biyu za ka gani, a cikin gilashin kuma zare biyu. Wannan shi ne P21/5W, wanda ake kira 1157: zare mai wat 5 na fitilar baya da ke kunne duk dare, mai wat 21 na birki. Wanda ka sayo zarensa ɗaya, ɗigonsa ɗaya a tsakiya, shi ne 1156. Da ka tura shi, ɗigon nan ya zauna kan ƙafafun soket biyu ya haɗe su, sai wutar birki ta bi layin fakin, wato na ƙananan fitilun gaba da baya, ta zagayo har dashbod.

Gardamar da ya yi maka ma magana ce. Dubi 'yan kunnuwan da ke gefen gindin. Na mai zare biyu ɗaya ya fi ɗaya tudu, da gangan aka yi haka don kada ya shiga a juye. Na mai zare ɗaya tsayinsu daidai. Ƙwan da yake na wurin, da yatsa biyu ake murɗa shi. Cire shi yau, ka leƙa ko ƙafafun soket ɗin sun lanƙwashe.

Direban Dare:
Abin da Baba ya faɗa haka yake. A sigina ma akwai irin wannan tarkon. Ƙwai mai ruwan lemo, PY21W, kunnuwansa ba sa kallon juna sak, an karkata ɗaya, don haka fari ba ya shiga gurbinsa. Wasu motocin kuma ba na murɗawa suke ɗauka ba, na cusawa ne: 7440 zare ɗaya, 7443 zare biyu.

Mai Farar Mota:
Wallahi Baba kamar kana wurin. Ɗigo biyu ne, zare biyu. Na samo P21/5W, ya shiga salin-alin, dashbod ya daina. Allah ya saka da alheri. Tunda na buɗe wurin, ko in mayar da su duka LED?

Tsohon Rewaya:
Amin. Na birki za ka iya, amma ka nemi mai gindi irin naka, kuma ja, don bayan jan murfi farin LED dusashewa yake yi. Ka sa wani ya taka maka birki da fakin a kunne, ka tsaya baya ka ga bambancin hasken ya fito sosai. Masu arha nan suke faɗuwa, kuma wanda ke bin ka da wannan bambancin yake sanin ka tsaya. Sigina kuwa ni zan bar ta. LED ba ya jan wuta sosai, sai motar ta zaci ƙwai ya mutu ta riƙa ƙiftawa da sauri. Maganinsa canza rile na sigina, wato na'urar da ke sa ta ƙiftawa, ko a ɗaura rizisto mai om 6, wat 50. Riziston kuma zafi yake yi har ya narka roba, dole a jikin ƙarfe za a ɗaure shi, nesa da wayoyi.