Sai ya gani yake ganewa

Maman Abba: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ɗana shekararsa 6, likita ya ce lalurar Down gare shi, wadda ke sa jinkirin koyo da magana. In na ce "shiga ɗaki ka ɗauko buta ka kai wa Babanka", sai ya tsaya yana kallona, ko ya shiga ya fito hannu rabbana. Amma in na nuna butar da yatsa, nan da nan zai ɗauko. Kakarsa ta ce kunnen ƙashi ne, ni na shagwaɓa shi. Rashin ganewa ne ko raini?

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Ba raini ba ne, Maman Abba. Aike uku kika ɗora masa a numfashi guda: ɗaki, buta, Baba. Yaran nan ba sa iya riƙe doguwar magana, kafin ki kai ƙarshe farkon ya zube. Abin da ido ke kallo kuwa yana nan, bai je ko'ina ba, kuma ta nan suka fi ƙarfi. Ki durƙusa ku haɗa ido, ki ce "ɗauko buta" kina nunawa, ki ƙirga goma a zuci kafin ki maimaita. Mu iyaye gaggawa ce ke cin mu. Kada kuma ki auna fahimtarsa da abin da bakinsa ke furtawa, abin da ya sani ya fi haka.

Anti Nas: 'Yar uwa, a duba kunnensa tukuna. Ramin kunnensu matsattse ne, ruwa kan taru a bayan dodon kunne, magana ta riƙa zuwar masa kamar daga cikin rijiya. Ido ma a gwada, da yawansu sai da tabarau. Batun shagwaɓa kuwa, ƙwayoyin gadon da ake kira kuromosom 47 ne a jikinsa maimakon 46. Da shi aka haife shi.

Baban Ummi: Hotunan kofi, takalmi da banɗakinmu na ɗauka a waya, na wanko na manna a bango. Ummi takan nuna abin da take so, kuka ya ragu. Muna haɗa magana da alamar hannu irin tsarin Makaton da aka fara a Ingila a shekarun 1970. Na ji tsoron zai hana ta magana, bai hana ba.

Maman Abba: Allah Ya saka da alheri. Asibiti zan fara kai shi. Saura wanda zai yi wa Hajiya bayani, don ni dai suruka ce.